Lamba Ba Suna: Neman Sawun Kakanninmu Mazan Jiya

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. A wani gida da ke Orozo, a kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, an taɓa buɗe mana wata tsohuwar adaka, aka fito da lambar tagulla mai siffar tauraro mai tsini shida. Iyalan gidan sun ce ta kakansu ce, wanda ya je Yaƙin Bama. Muka juya ta gaba da baya, ba mu ga suna ba, domin galibin lambobin da Ingila ta raba bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba a zana sunayen masu su a jiki ba, saɓanin na Yaƙin Farko da aka buga suna da lambar soja. Wannan lamba marar suna ita ta haifar da tambayar wannan maƙala: idan muka tashi neman sawun kakanmu soja a cikin takardu, me muke nema, kuma wane hakki ne nasa a wuyanmu?

Abin da Takarda ke Riƙewa

Sanin kowa ne cewa dubban 'yan Nijeriya sun yi yaƙi a ƙarƙashin tutar Ingila. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun fafata da Japanawa a dazuzzukan Bama tsakanin 1943 da 1945, wasu da bindiga, wasu kuwa 'yan dako ne masu ɗaukar harsashi da abinci a ka. Har yau sunayen wuraren da suka zubar da jini suna nan a barikokinmu: Kalapanzin a Kaduna da Myohaung a Legas. Mun riƙe sunayen wurare na Bama, amma sunayen mutanen da suka faɗi a can sun kuɓuce mana.

Mai bincike yana da ƙofofi kaɗan da zai ƙwanƙwasa. Akwai rajistar Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Renon Ingila, wadda ake iya dubawa ta intanet da suna ko lambar soja. Akwai bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da namu. Akwai kuma Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin larduna suke. Sai dai a kowace ƙofa matsala ɗaya ce ke jiran mutum. Magatakardan bariki yakan rubuta sunan yanka ne ya liƙa masa garin da kurtu ya ambata ko ƙabilarsa, ba tare da sunan uba ba. Ta haka ne mai neman kakansa zai tarar da Musa Kano ko Audu Zariya fiye da ɗaya, ya rasa wanne ne jininsa.

Daɗin daɗawa, ita kanta takarda ba ta tsira daga wuta da son zuciya ba. A watan Satumba na 1940 bam ya faɗa wa ma'ajiyar takardun soja a Landan, ya ƙone kusan kashi biyu cikin uku na fayilolin sojojin Ingila na Yaƙin Farko. Wannan tsautsayi ne. Abin da ba tsautsayi ba shi ne wanda ita hukumar kaburburan ta amsa da bakinta a rahotonta na 2021, cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka, da suka mutu a Yaƙin Farko ba a rubuta sunayensu a kan dutse ba, alhali takwarorinsu Turawa kowa da nasa.

Wasiyyar Baka da Wasiyyar Takarda

A littafin albashin sojan Ingila akwai shafin da aka ware domin ya rubuta wasiyyarsa kafin ya shiga fagen daga. A 2013 an ɗora irin waɗannan wasiyyoyi kimanin 230,000 na Yaƙin Farko a intanet, jikoki suka ga rubutun hannun kakanninsu. Namu kakannin kuwa akasarinsu ba su yi boko ba. Wasiyyarsu ta baka ce, wadda mutum kan raɗa wa abokin ramin da suke kwance tare: ga bashin da ake bi na, ga gonata, ga amanar ƙaramar 'yata. In abokin ya dawo, saƙo ya iso. In shi ma ya kwanta dama, wasiyyar ta bi shi.

A nan akwai abin lura. A shari'ar Musulunci ana fara biyan bashin mamaci, sannan a zartar da wasiyyarsa muddin ba ta wuce sulusin dukiya ba, sannan a raba gado. Wato hakkin mamaci yana gaba da rabon mai rai. To, mu da muke son mu gaji sunan kakanmu mu yi ado da shi, ashe bai kamata mu fara tambayar abin da yake bin mu ba?

Tsakanin Alfahari da Gaskiya

Mafi yawanmu jarumi muke fita nema. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rundunar da ta kori Japanawa ita ce dai wadda aka yi amfani da ita wajen cin ƙasarmu. A Keffi, wadda ba ta da nisa da Orozo, Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, ya gudu Kano, abin da ya zama ɗaya daga cikin hujjojin afka wa Kano a 1903. Sojojin da suka fasa ganuwar Kano, suka yi Burmi a 1903 da Satiru a 1906, baƙaƙen fata ne, da yawansu masu jin Hausa, a ƙarƙashin hafsoshi Turawa. Wanda ya zurfafa bincike yana iya tarar da kakan kakansa a bayan bindigar, ba a gabanta ba.

Wani zai ce, in haka ne gara a bar kaza cikin gashinta. Wannan magana tana da nauyi, domin rufin asirin mamaci ɗabi'a ce tagari. Sai dai akwai bambanci tsakanin rufin asiri da shafe mutum. Rufin asiri ya hana mu tallata aibinsa a kasuwa. Bai umurce mu da mu ƙirƙira masa tarihin da ba nasa ba. Haka kuma ba mu da hurumin zama alƙalansa. Wani yunwa ce ta kai shi bariki, wani haraji, wani hakimi ne ya miƙa shi domin cika adadin da aka ɗora wa gunduma, wani kuma sha'awar kaki ce kawai. Dubi Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara yi wa Jamus soja a Kamaru, daga baya ya yi wa Ingila, har aka sa wa bariki sunansa a Lokoja. Wane ma'auni guda ne zai auna irin wannan rayuwa?

Kammalawa

A ganinmu, abin da kakanmu soja yake bin mu shi ne mu mayar masa da sunansa da mutuntakarsa, kamar yadda yake, ba kamar yadda muke so ya kasance ba. Takardar soja ta mai ɗaukar aiki ce: ta san lamba da ranar shiga da ranar sallama, ba ta san wadda ta yi ta jira a bakin zaure ba. Wannan sanin yana bakin tsofaffinmu, su kuwa kullum raguwa suke yi. Saboda haka muna kira ga ɗalibai, kafin su nufi Kaduna ko su buɗe kwamfuta, su fara durƙusawa gaban kaka su tambaya, su rubuta sunan yanka da laƙabi da sunan uba da garin da aka ɗauke shi. Idan 15 ga Janairu ta zagayo, ranar tunawa da mazan jiya, a samu gidan da zai ambaci nasa da cikakken suna, ya yi masa addu'a. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yafe kurakurensu da namu.