Hakkin Malamin Wucin Gadi a Ma'aunin Shari'a

Makarantun firamare da na sakandare a Jega da Aliero da Maiyama, kamar takwarorinsu a sauran sassan Jihar Kebbi, suna jingine da wani rukunin malamai da sunayensu ba sa cikin jerin ma'aikatan dindindin. Daga cikinsu akwai waɗanda ƙungiyar iyaye da malamai take biya daga karo-karon iyaye, da matasa masu yi wa ƙasa hidima, da waɗanda shirin N-Power ya riƙa turawa azuzuwa daga 2016 a kan naira 30,000 a wata kafin a dakatar da shi a 2023, da masu takardar NCE da ke riƙe aji kafin a buɗe ƙofar ɗaukar aiki. Tambayar da halinsu yake tayarwa ta addini ce kafin ta zama ta ofis: shin yardar da malami ya yi da ɗan abin da aka yanka masa ta isa ta wanke wanda ya ɗauke shi?

Malaman fiƙihu suna kiran wannan ma'amala ijara, wato sayen amfanin aikin mutum da wani abu sananne, kuma sun sharɗanta a san aikin, a san ladansa, a san wa'adinsa, domin jahiltar ɗayansu garari ne, ma'ana duhun da ke haifar da jayayya. Alƙur'ani ya nuna haka a Suratul Ƙasas, inda aka yanka wa Annabi Musa (AS) wa'adin shekara takwas, aka bar cikon goma ga zaɓinsa. Kasuwa ma ta san wannan, domin ɗan dako a Aliero ba ya saɓa buhun albasa sai an yi ciniki, alhali sau da yawa malamin wucin gadi yakan karɓi alli da rajistar aji a kan alkawarin baki cewa za a ba shi abin da Allah ya hore, ya duba takardun jarrabawa, ya cike sakamakon ɗalibai, sannan hutu ya zo a ce ba karatu ba biya.

Masu cewa ai ya yarda suna da hujja ta zahiri, amma yardar wanda rashin aiki ya kai bango ba daidai take da yardar mai zaɓi ba. Saboda haka ne fiƙihu ya tanadi ujratul misli, wato ladan da aka saba biyan mai irin wannan aiki a wannan wuri, wanda ake komawa gare shi idan yarjejeniya ta ɓaci. Ma'aunin ba ɓoyayye ba ne a yau, tunda dokar ƙasa ta 2024 ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Jihar Kebbi kuma ta amince da 75,000 a ƙarƙashin Gwamna Nasir Idris, wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar malamai ta Najeriya. Sai dai dokar ta keɓe masu aikin ɗan lokaci da ma'aikatun da ba su kai mutum 25 ba, kuma a cikin wannan giɓi yawancin malaman wucin gadi da na ƙananan makarantun kuɗi da Islamiyya suke, inda babu mai kare su sai tsoron Allah na mai makaranta.

Hujja ta biyu ta fi shiga zuciya, ita ce cewa koyarwa ibada ce, ladanta yana wurin Allah. Maganar gaskiya ce, amma ladan Lahira tsakanin malami ne da Ubangijinsa, ba dukiyar mai makaranta ba ce balle ya lissafa shi cikin albashi. Mazhabar Malikiyya, wadda Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya karantar da ita a ƙasar Gwandu, ta halatta karɓar biya ko a kan koyar da Alƙur'ani, kuma Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya yi littafi a kan ladubban malamai da hakkokinsu. Kuɗin Laraba na makarantun allo ma shaida ne cewa Hausawa sun daɗe da sanin malami yana da ciki da iyali. Hadisin da Bukhari ya ruwaito kuwa ya sa wanda ya ci gumin ɗan ƙwadago ya hana shi hakkinsa cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar Alƙiyama.

Gaskiya ne ƙungiyoyin iyaye a ƙauyukan Maiyama ba su da ƙarfin gwamnati, kuma Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa. Amma talauci uzuri ne ga ƙarancin kuɗi kawai, ba ga ɓoye sharuɗɗa ko jinkirin biya ba. Wajibi ne a rubuta adadi da ranar biya da wa'adi, a fayyace matsayin hutu, a rage darussa gwargwadon abin da aka iya biya, sannan idan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta tashi ɗaukar ma'aikata a fara da waɗanda suka riƙe ajin shekara da shekaru. Al'ummar da take son a koya wa 'ya'yanta gaskiya da amana, ita ya kamata ta fara cika su ga mai koyarwar.