Gumin Mai Zane, Ribar Ɗan Kasuwa

Hukuncin zana mai rai mun bar wa malamanmu. Yau cinikin muke dubawa.

Amoako Boafo ɗan Gana ne, a Ankara aka haife shi a 1984. Ya koyi zane a kwalejin Ghanatta, sannan a Biyana. Idan ya zo kan fuska sai ya ajiye buroshi, ya dangwali fentin mai da yatsunsa ya murza, har sawun yatsun ya fito a fatar wanda ya zana.

A 2019 wani dillali ya sayi zanensa ɗaya a kan dala 22,500. A Fabrairun 2020 ya kai shi gwanjo a Landan, aka saye shi fam 675,000.

Shin dillalin ya yi zalunci? Bai yi sata ba, da yardar mai kaya ya saya, kuma da kasuwa ta faɗi shi zai yi asara. Amma mu zuciyarmu ba ta kwanta ba. Matashin da ke neman suna ba ya iya taya kansa da tsada, dillali kuwa ya san haka tun kafin ya taya. Ku tambayi telolinmu na Nima nawa ake biyansu ɗinkin rigar da ake sayarwa a Turai.