Wane Ido Kake Kallon Gidanka da Shi?

Karatu: Ayuba 38:25 zuwa 39:30; 1 Sama'ila 16:1-13

Ɗan'uwana cikin Ubangiji, a birnin Birmingham na ƙasar Ingila akwai wani taro da ake yi kowace shekara a watan Maris, sunansa Crufts. Tun 1891 aka fara shi. Kwana huɗu ake yi, zaure ya cika ya batse kamar ranar babban taron farkawa, amma ba wa'azi aka zo ji ba. Karnuka aka kawo gasa, wajen 20,000, iri sama da 200. Iyali sukan tashi tun asuba, uba na tuƙi, uwa na riƙe da mataji da almakashi, yara a baya tare da karen da aka yi wa wanka, aka taje, aka yanke wa farce. Kare ba ya shiga wannan babbar gasa sai ya yi nasara a ƙanana tukuna, saboda haka wasu iyalan a kan hanya suke ƙare Asabar da Lahadinsu. Akwai kuma waɗanda in hutu ya zo sai su hau jirgi da 'ya'yansu zuwa Kenya ko Tanzaniya ko Ruwanda, don kawai su ga namun daji a inda Allah ya ajiye su.

Na san abin da ya zo bakinka. Kare? Ƙoshi ne ke damun mutanen nan. A wurinmu kare ɗan gadi ne ko ɗan farauta, ya ci ragowar tuwo, in ya matso kusa da tabarma a jefe shi da takalmi. To, riƙe dariyar tukuna. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mu fara da tambaya mai sauƙi: zunubi ne mutum ya ƙaunaci dabba, ya kashe mata lokaci da kuɗi? Littafi Mai Tsarki bai ce haka ba. Karin Magana 12:10 ya sa kula da ran dabba cikin alamun adali. Shari'ar Musa ta hana a ɗaure bakin sa yayin da yake sussuka. Da Ubangiji yake gaya wa Yunusa dalilin da ya ji tausayin Nineba, bai tsaya ga mutanen birnin ba, har da dabbobinsu ya lissafa. Zan ma faɗi abin da wasunmu ba za su so ji ba: uban da ya kwashe Asabar yana wanke kare tare da ɗansa, suna hira suna dariya, ya fi sanin yaron nan bisa ga uban da ba ya fashin kwanan addu'a amma bai san ajin da ɗansa yake ba. Kwanan addu'a yana da kyau, ni ma ina kiranka zuwa gare shi. Amma yaro ba ya girma da labarin cewa ubansa jarumin addu'a ne, yana girma da wanda ya zauna kusa da shi.

Matsalar tana wani wuri dabam. Kowane irin kare a gasar nan yana da rubutacciyar ƙa'ida: tsayinsa kaza, kunne ya kwanta haka, wutsiya ta tsaya haka, hanci ya gajarta haka. Yana kuma da takardar asali mai ɗauke da sunan ubansa da kakansa da kakan kakansa. Alƙali zai buɗe bakin karen ya duba haƙora, ya shafa ƙashin bayansa, ya sa a zaga fili da shi don ya ga tafiyarsa. Wanda ya fi kusa da abin da aka rubuta shi ne gwani. Don a samu wannan siffa, shekara da shekaru masu kiwo suna haɗa kare da danginsa na kusa, har uba da 'ya. Abin da ya biyo baya shi ne ciwo. Buldog, mai faffaɗar fuskar nan, hancinsa ya gajarta har numfashi ya zame masa aiki, kansa kuma ya yi girma har yawancinsu sai an yi wa uwar tiyata kafin a haife su. Wani ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa da ake kira Cavalier King Charles, da yawa cikinsu ƙoƙon kansu ya yi wa ƙwaƙwalwarsu kaɗan, suna rayuwa cikin azaba. A 2008 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri da ya fallasa wannan, ya kuma daina nuna gasar. A 2009 ƙungiyar da ke shirya gasar ta daina yi wa 'ya'yan irin wannan haɗi na uba da 'ya ko wa da ƙanwa rajista.

Ka lura, waɗanda suka jawo wannan ba maƙiyan karnuka ba ne. Masoyansu ne. Sun ciyar da su, sun kai su asibiti, sun yi kuka da suka mutu. Sai dai abin da suka fi ƙauna shi ne hoton da ke cikin kansu, suka yi ta matsa halitta mai rai sai ta shiga cikin hoton, ko da numfashinta zai tsaya. Wannan shi ne idon alƙalin gasa, kuma ba sai ka je Ingila za ka gan shi ba.

Yana nan a falonmu ranar da sakamakon jarrabawa ya fito. "Dubi ɗan Dattijo wane, shi kai biyu gare shi?" Yana nan lokacin da baƙi suka zo aka kira yarinyar da ta iya haddar ayoyi ta zo ta karanta, aka tura mai in'ina bayan gida ya ɗebo ruwa. Yana nan a gidan da aka yanke tun yaro yana shekara 6 cewa likita zai zama, alhali Allah ya sa baiwarsa a hannu, a kan katako ko injin mota. Iyayen nan suna ƙaunar 'ya'yansu, ba na shakka. Sun sayar da gona sun biya kuɗin makaranta. Amma yaron ya riga ya gane cewa murmushin mahaifinsa yana da farashi, kuma yaron da ya gane haka, ko dai ya koyi ƙarya ko ya karaya. Ba banza ba Bulus ya gargaɗi ubanni a Kolosiyawa 3:21 kada su matsa wa 'ya'yansu har zuciyarsu ta mutu.

Duba gidan Yesse a Baitalami. Annabi Sama'ila ya zo, aka jera masa 'ya'ya maza bakwai, suna wucewa a gabansa ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga tsayin Eliyab da kyansa, annabin ma kansa ya ruɗu. Ubangiji ya ƙi duka bakwai, ya nuna masa cewa ma'aunin mutum siffa ce, nasa kuwa zuciya. Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne, sai da Sama'ila ya tambaya kafin Yesse ya tuna yana da wani ɗa a bakin tumaki. Uban bai ga Dawuda ya isa a nuna ba. Wane ne a gidanka yake bakin tumaki?

Sai maganar takardar asali. Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma akwai gaskiya a ciki, gama yaro yana kwaikwayon abin da ya gani. Amma dubi yadda muke amfani da ita in maganar aure ta taso. Saurayi da budurwa, dukansu sun karɓi Yesu, an yi musu baftisma a ruwa ɗaya, suna waƙa a ƙungiyar mawaƙa ɗaya. Sai iyaye su fara tono: wace ƙabila ce, kakanta me yake yi, ba danginsu ne aka ce kaza ba? Bincike kan halin mutum da bangaskiyarsa da lafiyarsa hikima ne, ku yi shi. Amma in an rasa abin zargi a yarinyar sai sunan ƙauyen kakanta, aka kuma raba su a kan haka, to, an yi wa jinin Almasihu ƙarin sharaɗi. Bulus yana da takardar asali da ta fi ta kowa a cikinmu: Ba'isra'ile, ɗan kabilar Biliyaminu, an yi masa kaciya a rana ta 8, Bafarisiye. A Filibiyawa 3 ya tattara su duka ya lissafa su hasara saboda Almasihu. Matiyu kuwa, da ya rubuta asalin Ubangijinmu, bai share sunan Rahab ta Yariko ba, bai share na Rut 'yar Mowab ba. Alƙalin gasa da ya kori wannan zuriya tun daga bakin ƙofa.

Yanzu mu koma ga masu tafiya kallon namun daji, domin a can akwai wani ido dabam. Kowace shekara, tsakanin Serengeti a Tanzaniya da Masai Mara a Kenya, namun daji fiye da miliyan ɗaya sukan bi ruwan sama da ciyawa, su tsallake kogin Mara da kadoji a ciki. Ba wanda ya rubuta musu ƙa'ida, ba wanda zai ba su lambar yabo. Mai kallo ba abin da zai gyara. Nasa ya yi shiru ya kalla.

Irin wannan yawo ne Allah ya kai Ayuba. Mutum ya rasa 'ya'ya goma, ya rasa dukiya da lafiya, yana neman bayani, sai Ubangiji ya shiga nuna masa zakanya da 'ya'yanta, hankaka, awakin dutse da ke haihuwa ba ungozoma, jakin jeji da ba ya jin tsawar mai kora, ɓaunar da ba za ta yi maka huɗa ba, jimina mai barin ƙwanta a ƙasa wadda duk da wautarta in ta tashi gudu doki ba ya kamo ta. Ya ma tuna masa cewa yana zuba ruwan sama a ƙasar da ba kowa. Kusan dukansu ba su da amfani ga Ayuba, amma ka ji yadda Mahaliccinsu yake maganarsu da jin daɗi. Uban da ya koyi wannan kallo, in ya dubi ɗansa mai jinkirin karatu, tambayar da zai yi ita ce: Ubangiji, me ka sa a cikin wannan da ban gani ba tukuna? Horo yana nan, ba a soke shi ba. Amma horo ne na mai riƙon amana, wanda ya san yaron na wani ne.

Ba na cewa duk wanda ya hau jirgi ya dawo da idon Ayuba. Ana iya zuwa gaban giwa a juya mata baya don a ɗauki hoton da za a sa a Facebook, a mai da dajin ma filin gasa. Maganar kuɗi kuma tana nan. A Ruwanda baƙo yana biyan dala 1,500 don ya yi awa ɗaya kusa da manyan birai na kan duwatsu. Wani kaso na kuɗin yana zuwa ga ƙauyukan da ke kewaye, yana kuma taimakawa wajen tsare dabbobin, har yawansu a duniya ya haura 1,000. Don haka ba zan ce ɓarna ce kawai ba. Sai dai mai arzikin Luka 16 ba don ya ci mai daɗi aka hukunta shi ba, Li'azaru ne a ƙofarsa, karnuka ma sun lura da shi, shi bai lura ba. Duk mai halin irin wannan tafiya ya fara leƙa ƙofar gidansa.

Yawancinmu ba mu da kuɗin jirgi, ba ma bukatarsa. Yankari tana nan a jihar Bauchi da giwaye da birai da ruwan ɗumi na Wikki, in akwai hali. In babu, akwai shaho a sama da yamma, akwai tururuwa a gindin katanga. A wannan mako ka tara iyalinka ku karanta Ayuba 39 da ƙarfi, kowane yaro ya zaɓi dabbar da ta fi burge shi ya faɗi dalili. Ka fara da wanda ba ka saba kira ba in baƙi sun zo, kada kuma ka gyara masa amsarsa.