Kara ko Gaskiya: Sa'ad da Ɗan'uwa Ya Ce, "Yaya Ka Ga Littafin?"

Bayan an tashi sujada ranar Lahadi, akan ga wani a bakin ƙofar majami'a ya zaro littafi daga jaka ya miƙa wa ɗan'uwansa, yana cewa, "Karɓi wannan ka karanta, ya taimake ni ƙwarai." Bayan mako biyu ko uku sai su sake haɗuwa a wurin nan. Mai littafin ya yi murmushi ya ce, "To, yaya ka gan shi?" Shi kuwa wanda aka ba aron ya karanta, amma littafin bai shiga ransa ba ko kaɗan. Ko kuma ya kai shafi na ashirin barci ya ɗauke shi, bai ƙara buɗewa ba. Me ya kamata ya faɗa?

Galibi kara ce takan yi nasara. Sai ya ce, "Kai, littafin nan ya yi kyau, Allah ya saka da alheri," a yi sallama kowa ya kama hanyar gida. Kara kuwa ba abar rainawa ba ce. Wanda ya ba da aron littafin da yake ƙauna ya nuna wani lungu ne na zuciyarsa, domin abin da ya sa mutum hawaye ko dariya yana faɗin irin mutumin da yake. Kushe littafin a gabansa yana iya zama kamar kushe shi kansa. Duk da haka, maganar nan da aka faɗa a bakin ƙofa ƙarya ce, an kuma faɗe ta ga mutumin da ya yi tambaya da zuciya ɗaya.

Wani zai ce ai hirar littafi ba ta kai a tayar da batun gaskiya da ƙarya ba. Tarihi bai yarda da haka ba. A shekara ta 386, a birnin Milan na Italiya, wani ma'aikacin fadar sarki mai suna Ponticianus ya kai wa Augustine ziyara. Ya ga littafin wasiƙun Bulus a kan tebur, sai hira ta juya ga karatu. Baƙon ya ba da labarin wani littafi a kan rayuwar Antony, mutumin Masar da ya rabar da dukiyarsa ya koma hamada, da yadda wasu abokan aikinsa biyu suka karanta shi suka bar aikin fada. Augustine da kansa ya rubuta cewa bayan fitar baƙon ne ya shiga lambu cikin damuwar da ta kai shi ga tuba. Idan hirar littafi tana iya juya rayuwar mutum haka, to ba wurin da za a yi wasa da gaskiya ba ce.

Amma labarin da ya fi fito da wuyar al'amarin shi ne na wasu malamai biyu na jami'ar Oxford a Ingila, C. S. Lewis da J. R. R. Tolkien, waɗanda suka fara haɗuwa a 1926. A ƙarshen 1929 Tolkien ya ba Lewis wata doguwar waƙa da ya daɗe yana rubutawa a ɓoye, kusan ba wanda ya taɓa ganinta. Lewis ya zauna da ita har dare ya raba. Washegari ya rubuta masa gajeriyar wasiƙa yana faɗin irin daɗin da ya ji, ya kuma ce gyare-gyare suna nan tafe. Sun kuwa zo: shafi 14 cur, baiti bayan baiti, inda ya nuna wuraren da kalma ta yi rauni da inda waƙar ta yi ɗingishi. Ya lulluɓe sukar da raha, ya ƙirƙiro wasu shaihunan malamai na ƙarya da sunaye masu ban dariya, ya sa suna gardama a kan baitocin. Tolkien mutum ne da ba ya son a taɓa masa rubutu. Bai cika ɗaukar kalmomin da Lewis ya ba shi ba, amma ya koma ya sake rubuta da yawa daga wuraren da aka nuna masa.

Daga irin wannan zumunci ne ƙungiyar da ake kira Inklings ta tsiro. Kowace Alhamis da dare sukan taru a ɗakin Lewis a kwalejin Magdalen, wani ya karanta abin da yake rubutawa da ƙarfi, sauran su faɗi ra'ayinsu ba ɓoye-ɓoye. A nan Tolkien ya riƙa karanta babi-babi na The Lord of the Rings, aikin da ya ɗauke shi daga 1937 zuwa 1949. Sau da dama ya so ya ajiye shi, Lewis ne ya dinga matsa masa ya ci gaba, Tolkien kuma ya amsa wannan bashi da bakinsa daga baya.

Sai rana ta juya. A farkon 1949 Lewis ya karanta wa Tolkien somin wani labari da yake rubuta wa yara, wanda ya fito a 1950 da sunan The Lion, the Witch and the Wardrobe. Tolkien bai so shi ba, bai kuma ɓoye ba. A ganinsa an yi aikin cikin gaggawa, an kwaso halittun tatsuniyoyin Girka da dabbobi masu magana da Baban Kirsimeti an zuba su cikin tukunya ɗaya. Abin ya sosa ran Lewis. Wani matashin marubuci, Roger Lancelyn Green, shi ne ya saurari babin farko-farko ya ƙarfafa shi. Littattafan Narnia suka kai bakwai kafin ƙarshen 1956, har yau kuma yara suna karanta su a harsuna da yawa.

To, Tolkien ya yi laifi ne? Bai yi ƙarya ba, kuma da ya yaba abin da bai so ba, da ya ci amanar zaman Alhamis ɗin nan, wanda ba shi da wani amfani in ba faɗin gaskiya ba. Amma idan aka ajiye 1929 kusa da 1949, akwai bambanci. Lewis ya zauna ya karanta abin da aka ba shi, ya fara da faɗin abin da ya ji daɗinsa da gaske, sa'an nan ya ɗauki wahalar nuna wurin da aikin yake yoyo, ta yadda mai shi zai iya toshewa. Tolkien kuwa tun daga somin labarin ya yanke hukunci, hukuncin nasa kuma bai ba Lewis abin gyarawa ba, domin irin labarin ne ɗungurungum bai kwanta masa ba. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, amma ɗaya ya biya kuɗinta da haƙuri da lokaci. Akwai ma na uku a ƙungiyar, Hugo Dyson, wanda ya gaji da labarin Tolkien har yakan yi ƙorafi da ƙarfi in an fara karatu, ta kai ga ba a karanta shi idan yana wurin. Shi ma zai iya cewa gaskiyarsa ya faɗa. Amma ƙin saurara daban ne da faɗin ra'ayi.

Daga nan ake gane cewa tambayar bakin ƙofar majami'a tana da amsoshi fiye da biyu. Tsakanin "ya yi kyau" na kara da "ba shi da amfani" na gatsali akwai fili mai faɗi. Mutum yana iya cewa, "Ɗan'uwa, ban gama ba, na tsaya a babi na uku, faɗa mini abin da ya kama ka a ciki." Yana iya cewa, "Babin da ya yi magana a kan gafara ya taɓa ni, amma na ƙarshen ban yarda da shi ba, ga dalilina." Irin wannan amsa tana buɗe hira, alhali yabon kara yana rufe ta. Mai littafin abokin tattaunawa yake nema, wanda ya yi masa yabon baka kuwa ya bar shi shi kaɗai da littafinsa kamar dā, ya kuma ƙara masa da zaton cewa ya sami aboki.

Wajibi ne kuma mai karatu ya rarrabe tsakanin "littafin nan ba shi da kyau" da "littafin nan bai dace da ni ba". Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shekaru bayan haka Tolkien ya rubuta wa wani cewa abin baƙin ciki ne a gare shi da ya kasa shiga duniyar Narnia, wato ya mai da maganar kan iyakar tasa zuciyar. Ba a kowane hali ake yin wannan sassauci ba. Idan littafi yana koyar da ƙarya, ko yana cusa ƙiyayya tsakanin maƙwabta, batun ya wuce na ɗanɗano, shiru kuma ya zama haɗa baki. Sai dai ko a nan, wanda zai tsawatar ya kamata ya zama ya karanta. Sau nawa ake jin an la'anci littafi a taron matasa ko na zumuntar mata, in an bincika sai a tarar mai maganar daga bakin wani ya ji? Zanen aro ba ya rufe katara. Haka yake a wajen bikin ƙaddamar da littafi, inda manyan baƙi sukan tashi ɗaya bayan ɗaya su yabi abin da ko bangonsa ba su buɗe ba, marubucin ya koma gida da alkawuran kuɗi, ba tare da mutum ɗaya da ya gaya masa abin da shafi na hamsin ya yi masa ba.

A cikin gida ne abin ya fi nauyi. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta zo da gudu tana ba mahaifinta labarin littafin da ta aro a makaranta. In ya ce "madalla" idonsa na kan waya, ta gane. In ya ce shirme ne, ta koma karatu a ɓoye. Uban da ya karɓi littafin ya karanta ko da babi biyu ne, ya dawo ya ce, "'Yata, wannan yaron na cikin labarin, me ya sa kike ganin ya yi daidai?", shi ne za a kawo wa littafi na gaba, har da wanda ya kamata iyaye su san ana karantawa.

Zumuncin Lewis da Tolkien ya yi sanyi a shekarun baya, ba kuma Narnia kaɗai ta jawo ba. Akwai shigowar Charles Williams cikin ƙungiyar a 1939, akwai bambancin ɗarika, da auren Lewis a 1956 wanda Tolkien bai ji labarinsa da wuri ba. Zaman karatun Alhamis ya tsaya a ƙarshen 1949. Duk da haka, da The Lord of the Rings ya fito a 1954, Lewis na cikin waɗanda suka fara yabonsa a jaridu. A 1961 ya rubuta wa kwamitin kyautar Nobel ta adabi yana ba da sunan Tolkien, abin da bai fito fili ba sai a 2012, da aka buɗe takardun kwamitin bayan shekara 50. Kwamitin bai karɓa ba, kyautar ta tafi ga Ivo Andrić. Lewis ya rasu ranar 22 ga Nuwamba 1963, Tolkien kuma yana cikin 'yan mutanen da suka tsaya a bakin kabarinsa a Headington.