Ɗana, Hamadarmu Da Ruwa Take Zuwa

Ɗana, ranar da muka taso daga Kafanchan za mu Kwoi, ka gan ni ina ƙirga buhunan gawayin da aka jera a bakin titi, kowanne an toshe masa baki da ganye, har ka yi mini dariya. Ka ce, "Baba, mu nan ina ruwanmu da hamada? Ai wannan zancen mutanen Yobe da Sakkwato ne." Ban tanka maka ba, don mota cike take da mutane. Yanzu zauna ka ji.

Kana da gaskiya ta wani gefe. Rairayi ba zai binne dutsen Kagoro ba. Ko shirin nan na kafa ganuwar itatuwa, jihohi 11 na can ƙuryar arewa aka ware masa tun farko, Kaduna ba ta ciki. Ruwan da ke sauka mana a shekara yakan kai milimita 1,500, ya haura ninki biyu na abin da Katsina ke samu. To, amma wannan ruwan da kake taƙama da shi, shi ne ɓarawon. Can iska ke kwashe gona. Nan ruwa ke kwashe ta, muna tsaye muna cewa damina ta yi albarka.

In an yi mamakon farko a watan Mayu, kada ka fake a ɗaki har ya ɗauke. Je ka gindin gonarka ka tsaya. Ruwan da za ka ga yana gangarowa ja wur ne, kamar an dama kunun kanwa da jar dawa. Wannan launin gonarka ce ke tafiya rafi. Baƙar ƙasar da ke ciyar da mu a wurare da yawa ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Ƙarƙashinta jar ƙasa ce da tsakuwa da marmara, wadda in ta sha rana sai ta ƙeƙashe, fartanya ta riƙa tsalle a kanta. Daga nan sai ɗan tsagi ya fito a hanyar gona, baɗi ya zama kwari, baɗin baɗaɗa ya zama kwazazzabon da akuya ba ta iya tsallakewa.

Kakanka manomin citta ne, kuma bai taɓa barin ƙasa tsirara ba. Da an gama shuka a watan Afrilu sai ya tasa mu gaba mu ɗebo ciyawa da ganye, mu lulluɓe gonar kaf. Na tsani aikin nan, ga ƙaiƙayi ga tsoron maciji. Wata rana da tsakar rana ya kama hannuna ya cusa ƙarƙashin ganyen. Waje ƙasa na ƙona tafin ƙafa, ciki kuwa sanyi ƙalau, da danshi, ga tana na motsi. Bai ce mini komai ba, ya ci gaba da aikinsa. Gonar da ta ba shi citta bana, baɗi acca ko dauro zai sa mata, wani lokaci ya bar ta saura ta huta. Ku yanzu sai feshi, sai ashana, sai buhun takin zamani. Takin zamani yana ciyar da shuka, ban musa ba, amma ba ya riƙe ƙasa, kuma a gonar da ba ruɓaɓɓen ganye ruwa ke wanke rabinsa.

Akwai kuma takin da muka rasa, wanda faɗinsa ke da nauyi a bakina. A shekarun 1980 masu binciken dabbobi na ILCA sun zauna a Abet, suka rubuta yadda manoma ke neman Fulani su kafa mashekari a gonakinsu da rani. Shanu su ci kara da harawa, su bar kashi, mai gona ya shuka citta a wurin. Na ga wannan da idona. Na kuma san abin da ya shiga tsakani daga baya, na san kaburburan da aka haƙa ta kowane ɓangare, ba zan ce ka manta ba. Sai dai ka sani, a rigimar nan ƙasa ma ta yi asara, ita ce dai ba ta kai ƙara.

Ba sai na tuna maka 2023 ba. Ganyen citta ya yi rawaya daga Kachia zuwa Jaba, Kagarko da nan Jama'a, aka tona aka tarar da saiwa ta ruɓe tana wari. Mutanen da suka ci bashi don noma suka rasa har irin shuka. Cuta ce ta naman gwari, daga Allah take, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Irin wannan cuta a cikin ƙasa da cikin iri take kwana. Wanda ya maimaita citta a wuri guda shekara da shekaru, ga ruwa na kwanciya a gonar, ga iri daga gonar da ta kamu, ya shimfiɗa mata tabarma.

Mu koma kan gawayin. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Mutanen Nok sun narka tama da shi fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Abin da ya sauya shi ne zarto mai inji da tirela. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, iskar gas ta gagari talaka, Abuja da Kaduna suka koma kan kurfoti, dajinmu ne ke dafa musu abinci. Ba na zargin matar da ta ƙona buhu biyu don kuɗin makarantar 'ya'yanta. Wanda ke ba ni takaici shi ne mai sare ɗorawa da kaɗanya, itatuwan da ke ba gida daddawa da mai kowace shekara, don kuɗin da ba zai kai ƙarshen wata ba. Kirya da marke sun yi nisa da gari. Madobiya kuwa an loda ta zuwa Sin. Ko dajin Nimbia da aka fara dasawa a 1957, je ka ga yadda ya yi gibi.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, amma maganin da ya yi wa maƙwabci aiki ma yana ƙetare iyaka. A Maraɗi, wajen 1983, wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya gaji da dashen da ke mutuwa. Sai ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne na kututturen da saiwarsu ke raye. Manoma suka fara barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi, suna datse sauran. Yau ana maganar hekta kusan miliyan 5 da suka sake yin itatuwa a kudancin Nijar, da ruwan da bai kai rabin namu ba.

A gonarka ta gindin dutse na ƙirga kututture tara masu toho, uku na ɗorawa ne. Kada ka sa musu wuta bana. Kunyoyinka kuma na ga sun bi gangare, sun zama wa ruwa hanya. In za ka yi huɗa, gitta su. Ranar Asabar zan zo da sassafe. Ka wasa adda, ka tanadi igiya da turaku, in nuna maka reshen da ake bari.