Wa Mu Ke Tafa Wa?

'Yan'uwa, a 1962 aka fito da Dr. No, sinimar James Bond ta fari. Ɗan leƙen asirin Ingila ne, yau ya yaudari wannan mace, gobe waccan, mu kuwa muna ta tafi. Leƙen asiri ba kullum ne zunubi ba, gama Joshuwa ma ya aiki mutum 2 Yariko. Amma su sun cika alkawarinsu ga Rahab, suka cece ta da danginta. Da dattijon Ekklesiya ne ya yi wa mata haka, da mun sa shi ƙarƙashin horo. Don me fa mu ke biyan kuɗi mu tafa wa Bond cikin duhu? Abin da mu ke tafa wa, shi 'ya'yanmu za su koya.