Yaron Ya Yi Ƙanƙanta Da Wannan Magana?

Karatu: 1 Sama'ila 2:22-25, 3:11-14

Wata uwa ta tsayar da ni bayan sujada, ranta a ɓace, domin malamin makarantar Lahadi ya yi wa yara maganar taramol. Ta ce ɗanta shekararsa 12, bai ma san sunan ba, yanzu an sa masa a kai. Ban raina tsoronta ba. Amma na tambaye ta, wa take aika kasuwa da yamma?

Wanda ya san Kokoro da sauran unguwannin Kilomita Biyar a Bangui ya san yaro ba ya jiran makarantar Lahadi kafin ya ga ƙwaya. Bayan rikicin da ya ɓarke a 2013, matasa masu bindiga sun riƙe unguwar suna karɓar kuɗi a hannun 'yan kasuwa, har 'yan kasuwar suka tashi musu a Disamba 2019. Yaran da suka yi wayo a shekarun nan sun ga yayyensu suna haɗiyar taramol domin tsoro ya fita daga zuciya. Ƙwayar kuwa ba ta tambayar ko kai Kirista ne ko Musulmi.

Ka dubi Eli. Ba a ce bai yi wa Hofni da Finehas faɗa ba. Ya yi, amma sai da ya tsufa ƙwarai, bayan labarin ya kai masa daga bakin jama'a. A lokacin sun zama manya, kunnensu ya toshe.

To, me za ka faɗa wa yaron? Nan ne mu iyaye da fastoci muke yawan kuskure. Mukan ce, "Wanda ya sha zai haukace nan take." Gobe yaron ya ga mai tura baro ya sha, ya yi aiki har dare bai gaji ba, sai ya ce a ransa, ashe Baba ƙarya yake yi. Daga ranar abokinsa ne malaminsa. Ƙarya zunubi ce, ko da don ceton ɗanka ka yi ta.

Faɗa masa gaskiya duka. Taramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, likita yakan ba da miligiram 50 ko 100, wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa yakan kai 225. Da fari yana kawar da gajiya, wannan gaskiya ne. Daga baya jiki ya saba, ɗaya ba ta isa sai biyu, sai huɗu. Idan ta yi yawa takan kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ta kuma rage numfashi har mutum ya mutu. Ranar da bai samu ba, ga gumi, ga ciwon gaɓoɓi, ga rashin barci, sai hannu ya kai jakar mama.

Sa'an nan ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. Wataƙila zai gaya maka an riga an miƙa masa. Kada ka ɗauki bulala a wannan daren, domin in ka ɗauka, ba zai sāke gaya maka kome ba. Ku durƙusa tare ku yi addu'a, ka ambaci sunan abokin nasa ma a gaban Allah.